Injin da Ya Ɓace Tsakanin Tsafe da Gusau

Da aka ɓalle murfin akwatin a harabar babban ofis a Gusau, ma'aikata suka taru a kansa. Inda ya kamata a ga ƙaton injin fotokofi, sai ga bulo jere reras, an cusa tsummokara a tsakaninsu don kada su yi ƙara a hanya. Fiddausi ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, kamar a karo na biyu bulon zai ji kunya ya koma inji.

Ita ta tsara wannan ƙaura tun daga tushe. Ƙungiyar taimakon manoman da take wa aiki ta yanke shawarar rufe reshenta na Tsafe saboda halin da ake ciki, aka ɗora mata kwashe injuna: ƙananan firintoci su tafi reshen Bungudu, babban inji ya zo Gusau. Ta auna faɗin ƙofofi, ta sa kafinta ya ƙera akwati daidai jikin injin, ta ɗauko makaniki daga Bungudu ya kwance abin kwancewa ya ɗaure abin ɗaurewa. A gabanta aka buga ƙusa ta ƙarshe ranar Laraba da yamma, aka bar akwatin ya kwana a ofis, don mai hankali ba ya hawa hanyar Tsafe bayan la'asar. Da safiyar Alhamis aka loda shi a motar Lawwali direba. Ita ta biyo baya a motar haya, amma ta riga shi isowa, kuma sai da ta gaji da jira kafin ya shigo.

"Ina ka tsaya, Lawwali?" ta tambaye shi.

"Mota ta yi zahi, Hajiya."

Ya faɗa idonsa na kan takalminsa. Lawwali bai iya ƙarya ba, kuma wannan ba abin yabo ba ne a ranar da mutum yake buƙatarta.

Nan Fiddausi ta yi kuskuren da ya hana ta cin abinci har washegari. Ta ce su juya Tsafe tare, a duba ofis ko an bar wata alama. Ta manta cewa waya ta fi mota gudu.

*

Kafin su isa, labari ya yi ƙafafu har ya yi fukafukai. An ce direba ya ratse daji ya miƙa wa 'yan bindiga injin. An ce injin yana riƙe da fuskar duk wanda aka taɓa kwafar katinsa a ciki, har da katunan 'yan sa-kai masu kwana suna tsaron gari, kuma yanzu mutanen daji za su zauna a inuwa suna fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ya tuna cewa mahaifiyar Lawwali Bafulatana ce, tana can wata ruga a wajen Bilbis. Daga nan kalmar ta fito, kalmar da in an jefi mutum da ita a ƙasar nan ba a cika kai shi gaban alƙali ba: infoma.

Fiddausi ta tsaya a ƙofar ofis tana rantsuwa cewa da hannunta ta goge duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin kafin a rufe shi, don yana cikin tsarin ƙaura. Wa ya ji ta? Tsoro ba shi da kunne.

Lukuman, shugaban 'yan sa-kan unguwar, shi ne a gaba. Bara aka kashe ƙanensa a gona, tun daga lokacin ba a sake ganin haƙoransa ba.

"Saje, ba mu shi," ya ce wa babban 'yan sandan da ke gadin ofis. "Tambaya kawai za mu yi mishi."

Kowa ya san irin wannan tambayar, ana yin ta ne a bayan gari. Sajan ya tura Lawwali cikin ɗakin ajiya ya sa kwaɗo, amma ya san kwaɗo ba zai tare su ba, don shi da yaransa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Sai mai unguwa Shehu ya ratso taron. Dattijo ne mai farin gemu, kuma ginin ofishin ma nasa ne, ɓangaren gidansa ya yanka ya ba da haya.

"Jama'a, ku dubi girman Allah," ya ce. "Ku bar shi hannun hukuma a yi bincike. Bincike ba a yi mishi gaggawa."

"Mun ba ku zuwa a sauko Juma'a," in ji Lukuman. "In inji bai hito ba, wallahi ko ƙohwar ƙarhe ce sai mun ɓalle ta."

*

Mutum ɗaya ne ya faɗo wa Fiddausi a rai: Baba Bawa, aminin marigayi mahaifinta. A Kekun Waje aka haife shi, kuma a zamaninsa in aka kore wa mutum shanu, shi ake aika wa goro. Yakan dubi ƙasa ya ce ɓarawon gurgu ne, ko ya ce saniyar tana da ciki. Ya ajiye sana'ar bin sawu tun da sawu ya fara kai mutum bakin bindiga, ya dawo Gusau yana zama a inuwar wani shagon ɗinki, yana kushe tafiyar masu wucewa.

"Ɗiyata, ni sawun kofato na sani," ya ce da ta gama kuka. "Wanga abu naku shina da ƙahwa?"

"Yana da tayoyi, Baba."

"To, ya yi ƙoƙari. Mu tahi."

A harabar babban ofis, nan Gusau, ya zagaya akwatin yana ƙunƙuni. Ya tsince ƙusoshin ya jera a tafin hannu. Duk an taɓa zare su, an miƙar da su, an sake bugawa a ramukansu na farko.

"Wanda yay yi wanga aiki ba shi da sauri," ya ce. "Mai tsayawa bakin daji, zuciyarshi na bugun tara-tara, ba ya zama gyaran ƙusa. Kuma tun da nike ban taɓa jin ɗan bindiga ya ɗauki kaya ya bar bulo don kada a ji haushi ba."

"Ke nan ba Lawwali ba ne!"

"Ni na gamsu. Je ki gamsar da Lukuman da ƙusa."

Ya zaro tsumma ɗaya. Akwai shatin yatsu a jiki, baƙi ƙirin, mai laushi kamar kwalli. Ya shafa, ya sansana, ya goge a hannun rigarsa. Ba gawayi ba ne, ba baƙin mai ba ne.

"Hodar inji ce," in ji Fiddausi. "Ita ce tawadarsa."

"Wa ke yawo da ita a hannu?"

Ta ce a hankali, "Bashar makaniki. Kuma ya sha faɗa min, da zai sami irin wannan injin da ya huta."

*

Rana ta fara karkata lokacin da suka kama hanyar Bungudu. Motar haya suka ɗauka. Duk babur da ya ɓullo daga gona sai wuyan kowa ya juya, har direban ya kashe rediyo don ya ji daji da kyau.

Shagon Bashar ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin injuna. Hannuwansa kuwa baƙi har gwiwar hannu, Bawa ya gan su ya ji zuciyarsa ta ce an zo wurin. Ya shimfiɗa tsumman a kan tebur ba tare da dogon bayani ba. Bashar ya dube shi, ya dubi Fiddausi, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, ni kike zargi? Jiya tun kahin la'asar ke da kanki kis sa ni a mota nid dawo, a nan nik kwana, ga maƙwabta ku tambaya."

Suka tambaya, haka ne. Har limamin layin ya shaida a bayansa ya yi asuba. Bawa ya ji kunya, amma bai nuna ba, ya ce tunda an zo a ba shi ilimi.

Bashar ya huce da ƙyar. Ya ce ya zare duk robobin sabuwar hoda kafin a rufe akwati, amma akwai wata kwalba a cikin injin inda ragowar hoda ke taruwa, ita ya liƙe bakinta ya bar ta, don in dai inji na tsaye ba abin da zai same ta.

"Mai sana'a ba ya kwantar da wanga inji, ko gincira shi ba ya yi. Wanda yay yi haka bai san shi ba, kuma na rantse ya yi wanka da baƙi." Sai idonsa ya kai kan hannun rigar Bawa. "Baba, wagga da kas shafa, kakkaɓe ta za ka yi, ka wanke da ruwan sanyi. Kada ka bari wuta ta kusance ta."

"Don mi?"

"Zahi ke narka ta. Da zahi inji ke manna ta ga takarda. In dutsen guga ya hau ta, ta zauna ke nan har riga ta mutu."

Bawa ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan rana da ke shirin faɗuwa. Suka dawo Gusau ba inji, ba ɓarawo, ga Lawwali can a kulle yana jiran Juma'a.

*

Da sassafe suna Tsafe. Ruwan da aka tafka da asubahin Alhamis ya wanke duk wani sawu na waje, cikin ofis kuma an share shi fes. Bawa ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana huci.

"Wa yash share nan?"

Inna Saude mai shara ce, tsohuwa mai ɗan doro. Ta zo tana salati, ta ce ita aikinta ta yi. Ta tarar da baƙin gari a ƙasa, ta ɗauka na makaniki ne, ta share ta bi da ruwa.

"A ina kika gan shi, Inna?"

"Ko'ina, Malam. Ni dai don Allah kada a sa sunana. Marayu gare ni."

Ba ta san komai ba sai tsoro. Bawa ya sallame ta. Akwai wata ƙofa a bangon baya, ya tura ta ya ji ta gam. Mai unguwa Shehu, wanda tun zuwansu yake biye da su yana jan carbi, ya ce ɗakin hatsinsa ne a bayanta, an daɗe da toshe ta. Da kansa ya zagaya da Bawa ta cikin zaure ya buɗe masa. Buhuna ne tsibi har kusa da rufi. Bawa ya leƙa, ya ga dattijo na tsaye yana jiransa, kunya ta kama shi ya nemi gafara ya fito.

Daga nan ya leƙa motar Lawwali. A ƙarƙashin kujera ya ga kwalbar man shanu, an toshe bakinta da ganye, an ɗaure da zaren kaba. Ya waiga hagu da dama, ya jefa ta cikin jakarsa, sannan ya roƙi Saje ya bar shi ya ga ɗaurarre.

Lawwali na rakuɓe a kusurwa, leɓɓansa sun bushe. Kwana ɗaya kawai, amma sai ka ce ya yi jinya.

"Man shanun nan ba a kasuwa kas saye shi ba," in ji Bawa ƙasa-ƙasa.

Lawwali ya fashe da kuka mara sauti. Ya ce Innarsa na fama da hawan jini, ita ba ta isa ta shigo gari ba, shi bai isa ya je ruga ba. Kawunsa ne ke fitowa bakin hanya ya karɓi magani, jiya ya makara, shi ya sa ya daɗe yana jira.

"In na hwaɗi, Baba, kawuna za su bi. In ban hwaɗi ba, ni za su ɗauka. Wanne zan zaɓa?"

"Kame bakinka," in ji Bawa. "Ban ji komi ba."

Ya fito, Saje ya mayar da kwaɗo. Ya san wanda bai yi ba, bai san wanda ya yi ba, kuma ga ladan ya fara kiran sallah.

*

Ya makara, don haka a sahun baya ya sami wuri, a waje cikin rana. Allah ya gafarta masa, rabin huɗubar bai ji ba. Yana zaune yana kallon bayan mutane, fararen riguna sun sha guga, sai idonsa ya tsaya a kan wata. A tsakanin kafaɗun mai ita akwai wani ɗan zane toka-toka, mai tsini a gaba da faɗi a baya. Ya kawar da kai. Can gefe ga wani, irinsa sak, amma ya fi duhu. Ga kuma wani a gaba, har da sheƙi.

Ya gyara zama. Duk rayuwarsa abin da ya sani ke nan: dabba in ta taka taɓo, sawunta na farko shi ya fi nauyi, na bayansa suna raguwa har su ɓace. Wannan ma sawu ne, sai dai ba kofato ya taka ba. Ya dubi baƙin da ke hannun rigarsa, maganar Bashar ta dawo masa.

Ana sallamewa ya dafa mutumin da ke gabansa.

"Malam, wa ke yi muku wanki?"

"Ɗanlami mana. Duk unguwa shi muke ba ran Alhamis, mu karɓa da sahen Juma'a."

Rumfar Ɗanlami na bayan masallaci. Bawa bai yi sallama mai tsawo ba, ya ɗaga dutsen guga ya juya cikinsa. An kankare shi da wuƙa, amma baƙin na nan a gefe-gefe, ya daskare. Ɗanlami, magidanci mai 'ya'ya, ya zube a kan benci kamar an zare masa laka.

"Baba, ka ruhwa min asiri. Na wanke ta ba ta hita duka ba, nac ce guga za ta gyara. Ina ɗora dutse sai ta narke. Na goge shi na ci gaba, kayan Juma'a sun yi min yawa. Sai daga baya nij ji abin da ake hwaɗi a gari."

"Rigar wa?"

"Ba ni iya hwaɗi. Wallahi ba ni iyawa."

"To kada ka hwaɗi. Ɗauko kwandonka ka biyo ni."

*

Harabar ofis ta cika ta batse. Lukuman da mutanensa na gaba da sanduna da bindigogin toka, Saje ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya gumi na zuba daga hularsa. Fiddausi na jikin bango, ta daina kuka don hawayen sun ƙare. Inna Saude na can baya, mai unguwa Shehu na zaune a kujera, carbinsa na gudu.

Bawa ya shiga tsakiya. Shi ma tsoro yake ji, amma tsufa ya koya masa tafiya a hankali.

"Lukuman, ka ba tsoho lokacin shan ruwa. In na gama ba ka gamsu ba, ba ni da ƙarhin hana ka."

Ya gaya musu abin da makaniki ya ce: wanda ya ɗauki inji ya gincira shi, baƙar hoda ta zubo masa, kuma in wuta ta taɓa hodar ba ta fita. Sannan ya ce wa Lukuman ya juya wa jama'a baya.

"Ni?"

"Kai."

Ya juya a fusace. Sai guna-guni ya tashi, don ga zanen nan a tsakiyar bayansa, baƙi a kan fari. Wani daga cikin yaransa har ya ja da baya. Lukuman ya fizge rigar ya duba, idanunsa suka firfito.

"Wallahi ban taɓa injin nan ba!"

"Na sani," in ji Bawa. "Amma ka ji yadda abin yake, a nuna ka da yatsa kana da gaskiya. Tsaya nan."

Ya bi taron yana zaro mutane ɗaya-ɗaya, yana juya su. Ya jera su daga mai zane dishi-dishi zuwa mai duhu, Lukuman ya faɗo kusa da ƙarshe. Ya ce duk waɗannan ba su da laifi, dutsen gugar Ɗanlami ne ya taka su bi da bi, yana rage kayansa a bayan kowa.

"Sawu daga inda yaf fi nauyi yake hitowa. Saura rigar da dutse yaf fara takawa. Ɗanlami, ba sai ka yi magana ba."

Ya sa hannu a ƙasan kwandon ya zaro ta, ya warware ta a rana. Farar shadda ce. Daga kafaɗa zuwa ƙirji baƙi ne ya daskare yana ƙyalli, ga shatin tafin hannu inda mai ita ya goge. A wuyanta akwai aikin zare kore, wanda duk wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ko raɗin suna a unguwar ya san shi.

Ba wanda ya ambaci suna. Kawunan mutane ne kawai suka juya wajen kujera. Carbin ya tsaya.

"Shina ɗakin hatsi, bayan buhuna," in ji mai unguwa Shehu. Muryarsa ta zama ta tsoho tukuf. "Ni da ƙanena munka jawo shi ta ƙohwar baya da asuba, ruwa na dukan kwano, munka cika akwatin da bulo. A dokin ƙohwa yak kuɓuce muna. Rigar na ɓoye ta, mai ɗakina ta haɗa da wanki ba ta sani ba."

"Kai, Baba?" in ji Lukuman. "Kai da hannunka? Mi za ka yi da inji?"

"Ba ni son inji, ɗana." Ya nuna Saje da yaransa. "Su nike so. An ce ran da kaya na ƙarshe yah hita, ran nan za su naɗe tabarmarsu. Tun da sunka zo ƙohwar nan ba a shigo unguwarmu ba, kun sani. Nac ce in kaya ya ɓace za a tsaya bincike, su zauna muna ko zuwa a yanke gero a kai gida. Ban taɓa kawo ma raina za a ce yaron nan ba."

"Da anka ce shi hwa?" Bawa ya tambaya. Bai so tambayar ba, amma dole a yi ta.

Dattijon ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa.

"Na ji tsoro. Kullum ina cewa bari in hwaɗi, sai in dubi sandunan ga."

Bawa ya zaci taron zai afka masa, har ya matsa kusa da kujerar. Ba wanda ya motsa. Haushi suke ji, amma abin da ya hana tsohon barci shi ne yake hana kowannensu, kuma kowa ya san da dabarar ta zo masa da wuya ya ƙi ta. Lukuman ya daɗe yana kallon rigar da ke hannunsa. Daga baya ya ce wa Saje ya buɗe ƙofa.

Lawwali ya fito yana kare ido da hannu. Fiddausi ta durƙusa a inda take tana hamdala. Lukuman ya matso kamar zai ce wani abu, sai kuma ya juya ya fita, mutanensa suka bi shi.

*

Washegari da hantsi aka fito da injin, a tsaye wannan karon, Bashar da kansa ya zo daga Bungudu yana kewaya shi yana tsaki. Ya ce zai tashi, amma sai ya sha wanka. Fiddausi ta roƙi manyanta a waya aka bar maganar mai unguwa a hannun dattawa. Ta kulle ofis, ta kai wa mai unguwa mabuɗin a zaurensa, ba ta tarar da kowa ba sai ta ajiye a kan tabarma.

Lawwali ne ya ja motar. Bawa na gefensa, 'yan sandan suka ɗora katifunsu da tukunyarsu a baya suka hau. Garin neman gira mai unguwa ya rasa ido, kuma Bawa bai ji daɗin kansa ba ko kaɗan, don shi ya gano sawun da ya buɗe musu hanyar tafiya. Mata sun fito ƙofar gidaje da goyo suna kallo. Ba mai ɗaga hannu.

Sai da suka hau kwalta Bawa ya zaro kwalbar man shanu ya mayar da ita ƙarƙashin kujera. Lawwali ya gani. Can ya yi gyaran murya.

"Baba, in da matar mai unguwa ba ta kai wankin nan ba hwa?"

Bawa ya dubi gonakin gero da ke wucewa.

"Da yanzu muna ƙohwar gidanku muna amsa gaisuwa. Dubi hanya."

Lawwali ya ƙara riƙe sitiyari da hannu biyu. A madubin gefe Bawa ya hango bakin unguwar yana ƙanƙancewa, ga wani mutum ya fito yana jawo ƙyauren gidansa yana sa sakata, alhali ko azahar ba ta yi ba.